AJON MAI WAINA

Jama'a, wannan rubutu yana da tsawo, kuma na san ba kowa zai yi wa daɗi ba. Mai sauri ya wuce abinsa, ba komai. Wanda kuma zai zage ni, arziki ɗaya nake roƙo: ya kai ƙarshe tukuna.

Shekaranjiya a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu aka turo bidiyon wani yaro da bai fi shekara 20 ba. An tsugunar da shi a tsakiyar taro, an yaga masa riga, wani yana dungurinsa yana cewa ya sake yin irin maganar da ya saba yi. Yaron yana ta ba da haƙuri, siririyar muryarsa tana rawa, jama'a suna shewa. Kafin a jima mutum goma sha wani abu sun danna alamar dariya. Na ajiye wayar na shiga cikin gida shan ruwa, sai idona ya faɗa kan faifan da uwargida ta rufe kwanon tuwo da shi. Faifan ya haura shekara 10, bakinsa ya fara zarewa, rinin ya koɗe. A tsakiyarsa akwai jajayen da'irori guda bakwai. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin faifan, ko na sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi.

A Kiyako aka haife ni, ƙasar Birnin Kudu, tun muna cikin jihar Kano, kafin a yanke mana Jigawa a 1991. Sa'ad da muka taso akwai wani mutum mai rumfa a bakin titi, wajen da motoci ke tsayawa. Ba zan kama sunansa ba, yana da dangi a raye. Mu kira shi Mai Waina. 'Yan garinmu na wancan zamani sun riga sun gane.

Ɗan daudu ne. Ba a ɓoye ba, ba kuma da wani suna ba. Yakan ɗaura zani a kan wandonsa idan yana gaban murhu, yana magana yana karya wuya yana tafa hannu, in ya yi maka habaici sai ka isa gida za ka gane an taɓa ka. Tun kafin kiran assalatu ya hura wuta, ya ɗora tanda, ƙullun da ya kwana ya tashi. Direbobi, 'yan kamasho, malaman firamare, fatake masu wucewa kasuwar Sara, kowa a rumfarsa yake karya kumallo. Wainarsa da miyar taushe, wallahi har yau ban ci irinta ba, kuma na ci waina a Bauci, garin da ake yi wa kirari da ita.

Amma ba a rumfa aka fi sanin amfaninsa ba, a gidan biki ne. Duk mai aurar da 'ya, da shi ake shawara: mudu nawa na shinkafa zai ishi mutum nawa, yaushe za a fara alkaki da nakiya da dubulan don kada su yi sanyi kafin ranar kai gara, yadda za a yi jere ɗakin amarya ya ƙayatar ko da kwanukan ba su da yawa. Shi kaɗai ne namijin da zai tuƙa tuwon mutum ɗari bai yi gudaji ba. Mata suna ce masa "ƙawa", yana amsawa. Mu yara muna bin sa da waƙar tsokana, yana juyowa ya watsa mana baƙar magana, mu watse muna dariya. Ranar da Innata ta ji ni a cikin masu tsokanar, muciya ta ɗauko. Ta ce daga yau in ta ƙara jin na kira shi da wani suna ban da Kawu, sai na gane kurena. Kawu nake ce masa har ya koma ga Allah.

Ina aji uku na sakandare mahaifinmu ya rasu. Ya bar Inna da mu shida, da gona ɗaya da ba ta ciyar da mu wata huɗu. An yi zaman makoki, an yi addu'a, kowa ya kama gabansa, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da nasa. Bayan Inna ta fita takaba sai ga Kawu ya yi sallama. Bai kawo sadaka ba. Ya ce shi fa hannunsa ya fara gajiya da surfe da niƙa, ko Inna za ta riƙa haɗa masa ƙullu yana biyanta? Ƙarya yake yi, hannunsa lafiya lau, yana da yara biyu masu yi masa wannan aikin. Ya dai san Inna ba za ta karɓi kyauta ba ne. Da kuɗin ƙullun nan aka biya mini jarrabawar fita sakandare. Ranar da zan tafi Jami'ar Bayero, na je yi masa sallama, ya zaro kuɗi daga cikin wani gwangwanin madara, duk sun sha mai, ya cusa mini a aljihu. Ya ce, "Ɗan boko, in ka zama gwamna ka saya mini tanda mai lantarki."

Bari in ɗan tsaya a nan, saboda yaran yanzu da suka ɗauka wannan abu daga TikTok ya faɗo mana, ko Turawa suka yi mana safararsa. Daudu ya girmi Najeriyar da muka sani. Masana suna danganta kalmar da Ɗan Galadima na bori, shi ya sa tun da can ake ganin 'yan daudu a wajen wasan bori da gidajen magajiya da tashoshin mota da kasuwanni, suna sana'ar abinci. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya koyi Hausa, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Cikin abin da ya nuna akwai wanda duk ɗan tasha ya sani ba sai an rubuta ba: da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna azumi, wasu sun sauke farali. Daudu daban, abin da ake zargin mutum da shi a bayan ƙofa daban. Wani ya haɗa biyun, wani bai haɗa ba. Mu ne muka cura su wuri guda saboda ya fi sauƙin jifa.

Kuma mu faɗi gaskiya, mun ci moriyarsu. Mun ci girkinsu a bukukuwanmu. Mun sayi kaset ɗin marigayi Rabilu Musa na "Ibro Ɗan Daudu" mun yi dariya har da hawaye. Rabin habaicin da matanmu ke yi wa kishiyoyi daga bakinsu aka ɗauko. Muna son abin da ke hannunsu, ba ma son a gan mu tsaye da su.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Jigawa a shekarar 2000, zamanin Saminu Turaki, Kawu ya ninke zaninsa ya ajiye. Ya koma jallabiya, ya yi ƙasa da murya, ya daina shiga gidan biki da rana. Masu biki ba su daina nemansa ba fa. Sai dai a aika yaro bayan isha'i, ya shiga ta ƙofar baya, ya yi aikin, ya fita kafin asuba, gobe a yi ta yaba wa uwar amarya. Ya taɓa ce wa Inna shi yanzu ya zama kamar gishiri, yana cikin miya amma ba mai ganinsa.

Shekarar 2014 ce ta fi tsanani. A watan Janairu Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, ko ya goyi bayan ƙungiya ko taro irin nasu. A watan ne kuma aka yi kame a Bauci, har taron jama'a suka yi wa kotun da ake shari'ar ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu mutanen. Mu da Bauci kuwa katanga ɗaya ce, Ningi ga ta nan a gefenmu. Dokar ba ta ambaci mai sayar da waina ba, amma wa yake karanta doka a bakin tasha? Abin da ya iso ƙauye shi ne: duk wanda aka gan shi da su, nasu ne. Rumfar Kawu ta fara yin fayau. Yaransa biyu suka gudu.

A wannan shekarar ce ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi ya sauka a ƙafarsa. Ƙuna ce ƙarama daga garwashi, ta ƙi warkewa, ta zama gyambo, har aka fara jin wari daga ƙofar ɗaki. Inna da Gwaggo su ke kai masa kunu suna wanke masa tsummokara.

Lokacin ina Dutse, na yi shekaru a aikin gwamnati, na sayi 'yar motata, ina jiran ƙarin girma. Wata Laraba da daddare Inna ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, kana ji na? Ƙafar Kawunka ta lalace. Ka zo da motar nan gobe a kai shi asibiti Birnin Kudu."

Na yi shiru. Abin da ya zo mini a rai ba ƙullun waina ba ne, ba kuɗin gwangwanin madara ba ne. Hoton kaina na gani ina tallabe da shi a ƙofar asibiti, wani ɗan ofishinmu yana wucewa, waya a hannunsa. Na ce, "Inna, motar tana wajen bakanike." Motar tana ƙofar gida, na ma wanke ta da yamma. Inna ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Ba ta ƙara ko kalma ba. Da safe na tura wa ƙanena Naira dubu 5 ya kai mata, na ce a sa a kuɗin magani, kamar wanda ya biya tara. A bayan a-kori-kura aka kai shi, kwance a kan tabarma, Gwaggo ta riƙe masa kai.

Likita ya ce sai an yanke ƙafar, kuma a yi sauri. Kuɗin aiki da jini da magani ya fi ƙarfin tsofaffi biyu. Babu wanda zai tashi a masallaci ya ce a taimaka wa wane, a wannan shekarar. Babu wanda zai zagaya da takarda gida-gida. To ga abin da matan suka yi, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Inna ta iya ɗinkin faifai tun tana budurwa. Ta sayo kaba, ta rina wata ja, ta zauna ta ɗinka faifai guda da wani zane da ba a saba gani ba: da'ira ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye ta. Ta kai wa Gwaggo ba ta ce komai ba. Gwaggo ta juya shi, ta juya shi, sai ta fashe da kuka. Tanda ce. Tandar Kawu mai gida bakwai, wadda duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar nan ya san kamanninta.

Daga nan abin ya bi gidaje kamar yadda labarin mata ke bi: ta kan katanga, ta wajen riƙa, ta bakin 'yan talla. Ba taro aka kira ba, ba shugaba, ba ma'aji. Wadda ta iya ɗinki ta ɗauki basilla. Wadda ba ta iya ba ta sayo kaba ko rini ta aika. Wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ta ce a kawo mata kabar ta riƙa tsagawa. Akwai matan aure 'yan kulle da mazajensu ke cikin masu cewa kada a ƙara sayen wainar mutumin nan, suna zaune a tsakar gida suna ɗinka tandarsa, maigida yana wucewa yana cewa sannu da aiki. Kowace da hannunta: na wata da'irorin sun fito daidai kamar an auna, na wata sun karkace, wata ta ƙara kore a baki, wata ta yi tsakiyar ruwan ƙasa wai wainar ta soyu. Cikin kwana tara aka tara fayafai 46.

Sai aka sa ranar ajo. Ga yaran da ba su sani ba, ajo wasa ne da ake shiryawa don a tara wa wani gudummawa: a yi kiɗa, a yi waƙa, a yi liƙi, abin da aka samu nasa ne. A gidan Gwaggo aka yi, bayan la'asar, mata zalla. Wanda ya tambaya aka ce masa wunin ƙawaye ne. Aka kifa ƙwarya a ruwa, aka ɗauko shantu, irin kiɗan da marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi duniya, wanda asalinsa na tsakar gida ne irin wannan. Wata tsohuwar zabiya da ta tuba da waƙa tun 2000 ta ce yau dai za ta ci bashi.

Ƙanwata tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce zabiyar ba ta kama sunansa ba ko sau ɗaya. Tanda ta yi ta wasawa. Sai ta juya kan matan ɗaya bayan ɗaya: ke wance, ranar aurenki wa ya tuƙa tuwon? Ke wance, da aka rasa mai a bikin 'yarki wa ya rufa asiri? Ke da kika yi yaji kika rasa kuɗin mota, a rumfar wa kika zauna? Duk wadda aka taɓo sai ta miƙe, a rangaɗa guɗa, ta yi liƙi, ta ɗauki faifai ta biya ninkin kuɗinsa. Wata ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a faranti. Ta ce da aka zo kan Inna, zabiyar ba ta ce komai ba, ta dai dube ta, Inna ta sunkuyar da kai. Kafin magariba an tara Naira dubu 63 da 'yan kai. Ragowar fayafan 'yan talla suka kai kasuwa. Da kuɗin aka yi aikin.

Na daɗe ina tunanin me ya sa sai ta wannan hanyar. Ai da iyawa kowace ta ƙulle ɗari biyar a leda ta aika a ɓoye, kamar yadda na yi. Ina jin bambancin shi ne, kuɗin ɓoye yana biyan magani ne kawai. Faifan kuwa ya sa kowace mace ta ga ba ita kaɗai ba ce. Kafin nan kowace tana jin tausayinsa a ɗakinta, tana zaton sauran gari sun juya masa baya. Da ta shiga gidan maƙwabciya ta ga tanda a kan tulu, magana ta ƙare, ba sai an furta ba. Kuma abu ne da ba mai iya kama ka da shi. Wa zai kai ƙarar faifai? Waƙar ma haka: ta mayar da shi daga "irin mutanen nan" zuwa mutum ɗaya mai tarihi, wanda kowa a wurin yake da bashinsa a wuya.

Shekaru bayan haka, a wani taron bita kan cutar ƙanjamau, mai gabatarwa ta nuna mana hoton wani abu da aka yi a Amurka. Sa'ad da cutar ta fara kisa a can, ta fi yin ɓarna a cikin maza masu neman maza, har wasu iyalai suna jin kunyar faɗin abin da ya kashe ɗansu, wasu masu shirya gawa suna ƙin taɓa su. Sai abokai da iyaye mata da 'yan'uwa suka fara ɗinka ƙyalle, kowane mamaci da nasa, ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, wato girman kabari. Wani mai suna Cleve Jones ya faro shi a San Faransisko. A watan Oktoba na 1987 aka shimfiɗa guda 1,920 a babban filin birnin Washintan, aka yi ta karanta sunaye. Yau sun kai wajen dubu 50. 'Yan ɗakin bitar suna ta gunaguni, ni kuwa tsakar gidan Gwaggo nake gani. Inna ba ta taɓa jin sunan San Faransisko ba. Allura dai ita ce allura.

Sai dai akwai bambanci, kuma ba zan ɓoye shi ba. Su sunaye suka rubuta ɓaro-ɓaro don a gani. Namu sai da aka cire sunan kafin abin ya yiwu. Kamar shanun nan da aka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu: zanen yana nan, masu zanen ba wanda ya san su. Wani zai ce ai wannan ma tsoro ne, an dai yi masa ado. Wataƙila. Amma ni da na ce mota tana wajen bakanike ba ni da bakin faɗin haka.

Sai bayan wata huɗu na iya zuwa gaishe shi, shi ma da daddare. Na same shi a kan tabarma, ya rame, sanda a gefe, an jera fayafai uku a bangon ɗakin kamar jeren amarya. Na durƙusa na ce, "Kawu, ya jiki?" Ya ɗaga fitila ya haska fuskata, ya ce, "A'a, ɗan boko ne? Sannu da hanya. An gyara motar?"

Na so ƙasa ta tsage. Ya bar ni na ɗan jiƙa, sannan ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Tashi zauna, ɗan Inna. Ai gara da ba ka zo ba, da warin ƙafar nan ya kama maka kujera, matarka ta ce ka ɗauko mushe." Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da zan tafi ya ce in ciro faifai ɗaya daga bango in kai wa uwargida. Na Inna ne, na farkon.

Ya ƙara shekara biyu. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana haɗa ƙullu, wata yarinya tana soyawa. Ya rasu da damina a 2016. Da aka fara 'yan ƙus-ƙus a kan wa zai yi wanka, wani dattijon malami ya ce shi abin da ya sani mutumin nan Musulmi ne, ya sha ganinsa a sahu, kuma in gari ya bar gawar Musulmi ba sutura, gari duka ne ya ɗauki zunubi. Ya naɗe hannun riga ya shiga da kansa. Mu 14 muka yi masa salla, na ƙirga. Direbobi uku, ƙannena, malamin, da wasu samari da ban gane ba, ashe almajirai ne da suka girma a kan ƙanzon tandarsa, suka ji labari suka zo. Wannan karon na zo da motar. Ba a buƙace ta ba, maƙabarta ba nisa.

Yanzu ga masu shirin sauka a kaina. Na san tun hayaniyar yarjejeniyar Samoa a 2024, duk wanda ya buɗe baki a kan wannan batu sai a ce an biya shi da dala. Albashina yana nan yadda kuka san shi. Ni ba malami ba ne, ban zo gyara wa kowa hukunci ba, kuma abin da ke tsakanin Kawu da Ubangijinsa ban leƙa ba, Inna ma ba ta leƙa ba. Addinin da aka karantar da ni a zaure ya hana bin diddigin asirin mutane, ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya ba maƙwabci haƙƙi ba tare da an tambayi halinsa ba. A cikinsa ne aka ba mu labarin matar banza da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare. Ban ga inda ya ce a tsugunar da yaro a titi a ɗauke shi a waya ba.

Ku duba 'yan shekarun nan kawai. A tsakiyar 2022 kotu a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa. A Disambar shekarar Hisba ta kama mutum 19 a Kano kan zargin bikin auren jinsi. A Oktoban 2023 aka kama 76 a Gombe a wajen wani taron murnar ranar haihuwa. Kowane kame, kafin alƙali ya zauna, mu a nan mun gama shari'a: mun yaɗa fuskoki, mun nemo sunan unguwa, mun yi dariya. Wanda aka sallama ma ba shi da garin komawa. Kuma duk ranar da aka yi irin wannan, akwai wani mai tuwo-tuwo a wata tasha da ba ruwansa da komai, wanda ciniki zai ƙaurace wa, mai gidan haya ya ba shi kwana uku. Kowannensu akwai uwar da ta yi naƙudarsa. Wanda zargin ya tabbata a kansa ma haka.

Abin da ya fi damuna da yaron bidiyon nan shi ne, Kawu ya yi shekara 30 yana tara mutane kafin ranar ta zo masa. Yana da Inna, yana da Gwaggo, yana da zabiyar da za ta karya tubanta saboda shi. Wannan yaron bai kai ga tuƙa tuwon bikin kowa ba. Matan da suka iya ɗinkin faifai suna ƙarewa, Gwaggo ta rasu, Inna ido ya yi nisa, yanzu murfin roba ake saye. Mu da muka gaje su muna da digiri da waya da data, kuma ga abin da muka yi da su a zauren 'yan aji.

Na fita daga zauren jiya, bayan na rubuta musu cewa a goge bidiyon. Mutum biyu suka bi ni ta gefe suka ce sun ji daɗi, amma kada in ce su ne. Na ce ba komai, na san wurin, na taɓa zama a can.

Da safen nan ƙaramar 'yata ta ɗauki faifan tana ƙirga da'irorin da yatsa, ta ce, "Baba, wannan fulawa ce?" Na ce mata tanda ce. Ta ce ta wa? Na ce ta Kawuna. Uwargida ta ce a nemi mai gyara bakin kafin ya ƙarasa zarewa, na ce ranar Juma'a zan tafi da shi Kiyako, ko Inna za ta iya lalubawa.